Tulun Irin Babanmu

Babanmu bai taɓa zuba irin geronsa duka a ruwan farko ba. Rabi yake shukawa, rabi ya bari a tulu, ya liƙe bakin da laka. In ruwa ya ɗauke shuka ta ƙone, sai a fasa tulu a sake. Irin ma na gado ne, gajeren gero mai saurin nuna da kakanmu ya zo da shi daga wajen Burkusuma. Mukan tsokane shi cewa ya fi tsaron tulun nan a kan 'ya'yansa.

A shekara ta biyu da ake fama da fari, aminina ya dawo garinmu Isa. Ɗan ƙauyen Turba ne, an kawo shi gidanmu tun yana ƙarami don makarantar boko. Tuwonmu ya ci har ya girma, Baba kuwa "ɗana" yake ce masa. Karatu ya kai shi wata 'yar ƙasa a Turai, ya samu aiki a kamfanin fasaha. Bakinsa ba ya gajiya da yabon ƙasar. Wai ba su da mai, ba su da zinariya, sai matasa a gaban kwamfuta suna ƙera manhajoji, masu kuɗin duniya na rububin zuba jari. Kamfaninsu ya yi manhajar da ke aiko wa manomi saƙo a waya, ta gaya masa in damina ta zauna. Abin da ya rage shi ne su nuna wa masu jari manoman da suka yarda da saƙon har suka daina ajiye rabin iri. Ni na riƙa yawo da shi a babur ƙauye-ƙauye, ina jin kaina kamar ni ma da hannuna a kamfanin.

Ruwa ya sauka, saƙo ya shigo: damina ta zauna, a shuka duka. Baba bai yarda da waya ba, amma ya yarda da yaron da ya tashi a hannunsa. Ya kira shi gindin dogonyaron ƙofar gida.

"Ɗana, bar batun na'ura. Kai nika tambaya. In gonakka ta, za ka hwasa tulu?"

"Wallahi Baba za ni hwasawa," in ji aminina. "Bana ba a sake shibka."

Baba ya fasa tulu da hannunsa. Gero ya tsiro gwanin sha'awa. Aminina ya ɗauki hoton Baba a tsakiyar gona yana murmushi, ya koma Turai.

Sai sama ta bushe. Shuka ta yi yaushi, ta murɗe, ta ƙone muna kallo. Da ruwa ya dawo, waɗanda suka yi biris da saƙon suka fasa tulunansu suka sake shuka, mu kuwa ko ƙwaya ba mu da ita. Na kira aminina. Ya ce hasashe ne, ruwa na Allah ne. Ya kuma yi mini albishir cewa sun samu jarin, har ya turo mini bidiyon taron, ga fuskar Baba a ƙaton allo ana tafi. Raina ya ɓaci, amma ban riƙe shi ba. Na ce fari ba laifin kowa ba ne.

Mutum ɗaya ke da irin geronmu, mahaifin aminina, don Baba ya taɓa ba shi. Na ɗauki Baba a babur muka tafi Turba roƙo. Dattijon ya tarbe mu da fara'a, ya shiga ya fito da kwano cike da iri.

"Ni Allah ya taimake ni," in ji shi, da zuciya ɗaya. "Tun ba a yi ruwa ba yaron ga ya kirai ni, yac ce kar in kuskura in bi saƙon ga, abin gwaji na. Yac ce in aje rabina kamar kullum."

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Ashe ya sani. Ya dubi idon mutumin da ya ciyar da shi, ya rantse, alhali ya riga ya tsare tulun ubansa.

Baba ya karɓi kwanon da hannu biyu, ya yi godiya. Muka hau babur muka dawo Isa.

Ranar sallah aminina ya kira, ya ce in ba shi Baba su gaisa. Na miƙa wayar. Baba bai karɓa ba, ya tambaye ni ko wane ne. Na faɗa masa.

"Ɗan mutumin Turba?" ya ce. "Ka gaishe shi."