Gurmin Baba Ilu da Baturen Ƙarya

Kafin in lalace, ni mai tura waƙoƙi a waya ne a bakin tashar Kazaure, kuma ba yabon kai ba, babu wanda ya kai ni ciniki a layinmu. A cikin waƙoƙin da nake turawa na haɗu da na wani mawaƙi ɗan Ingila, suka shiga raina har na haddace tarihinsa kamar ni na raine shi. Ubansa direban bas ne. Shi kuma ya yi aikin shagon takalma, in ya tashi sai ya ɗauki jitarsa ya tsaya a tashar jirgin ƙasa yana waƙa, mutane na wucewa ba mai kallonsa. Shekaru ya yi a haka kafin duniya ta san shi. Da ya shahara sai ciwon maƙogwaro ya ɗauke masa murya, aka yi masa aiki, ya dawo ya fi da.

Allah ya ba ni kunne. Ina iya kwaikwayon maganarsa har da 'yar dariyar da yake yi ta hanci. 'Yan tasha suka sa mini suna Bature, ni kuwa kaina ya kumbura. Da wasa na fara naɗar muryata ina kunna wa abokai, ina cewa saƙo ne ya aiko mini. Da na ga sun gaskata, sai wasa ya zama sana'a. Samari masu son waƙa daga Gwiwa da 'Yankwashi suka riƙa kawo mini abin hannunsu don in haɗa su da shi.

Sannan na juya kan Baba Ilu, wani tsoho mai kiɗan gurmi a Roni, wanda ke yi wa 'yan kokawa kiɗa bayan girbi. Gurminsa tsoho ne ƙwarai, wuyansa ya yi santsi saboda hannu. Wani dillalin kayan gargajiya da ke shigowa daga Nijar ta Babura ya daɗe yana nema, tsohon ya hana. Na je na durƙusa na gaishe shi, na ce mawaƙin Ingila ya ji kiɗansa, yana so a aika masa gurmin ya sa a sabon faifansa, wata biyu a dawo da shi.

Ya ce, "Yaro, ko ɗana ban taɓa bari ya kwana da shi ba. Amma in sunan Roni zai je can, ɗauka."

Washegari na sayar wa dillalin.

Wata biyu suka wuce, lokacin kokawa ya matso, Baba Ilu ya fara zarya a shagona. Don in kwantar masa da hankali na ce ranar Juma'a bayan la'asar Baturen zai kira shi da kansa. Ya ce 'yarsa Malama Hadiza, mai koyarwa a firamare, za ta yi tafinta.

Ranar na kulle kaina a ɗaki, na ɓoye lamba, na kira. Wallahi ban taɓa yin Turanci irin na ranar ba. Malama Hadiza ce ta ɗauka. Na ba su labarin tashar jirgi da aikin maƙogwaro, tana fassarawa, tsohon na cewa "Allah sarki." Can sai na ji ya ce mata, "Gaya masa ya riƙe gurmin nan da amana. Na marigayi mahaifina ne, da hannunsa ya ɗaura fatar."

Kafin ta buɗe baki ta fassara, sai na ji bakina ya ce, "Allah ya jiƙansa da rahama."

Tsohon ya ce "Amin," bai ma lura ba. Ita kuwa sai ta ce da Hausa, "Bature, ashe kai ne? Ka ji tsoron Allah."

Tun ina ƙarami mahaifiyata ba ta bari a ambaci mamaci in yi shiru. Duk ƙwarewata, tarbiyyarta ce ta kama ni, kuma yau ina alfahari da hakan. Samarin da na cuta suka fito ɗaya bayan ɗaya, alƙali ya tura ni gidan yari. A can na zauna na yi ta tunanin mawaƙin nan. Na haddace labarin mutumin da ya jure shekaru yana waƙa a tasha, amma ban ɗauki haƙurinsa ba, muryarsa kawai na sata.

Da aka sake ni ban koma shago ba. Na bi samarin nan na nemi gafara, wasu suka yafe, wasu suka juya mini baya, ban ga laifinsu ba. Na yi dako a kasuwar Babura ina cigiyar dillalin har na same shi. Gurmin na nan a wurinsa, rataye a bango, tsirkiya ɗaya ta tsinke. Damina guda na yi masa noma kafin ya sakar mini.

Na kai wa Baba Ilu da ƙafata. Ya karɓa, ya shafa fatar, bai dube ni ba. Ya aika aka kawo tsirkiya ya ɗaura, ya taɓa sau biyu, sannan ya ce, "Ranar Asabar akwai kokawa. Kai za ka riƙe mini shi a hanya."

Ku matasa, in Allah ya ba ku baiwa, ku sa sunanku a kanta, ko da shekara nawa za ku yi a tasha ba mai kallonku. Ni na ari muryar wani har ta kai ni kurkuku. Ranar Asabar ɗin nan kuwa, da na shiga fili ɗauke da gurmin a bayan tsohon, babu wanda ya kira ni Bature, kuma ban taɓa tafiya da kai a sama kamar ranar ba.