Tsagar da Na Yi wa Hannuwana

Jama'ar wannan mujalla, ina gaishe ku. Ni wanzami ne a Gaya, gado na yi. Lakwal kuwa, wato makarantar boko, na leƙa ta, malamin ya dube ni, na dube shi, muka rabu ba faɗa. A da, daga bakin gadar garinmu har garin Bengou, duk wanda aka yi wa haihuwa ni yake nema askin suna. Ga tsokana: ba wanda zai zauna gabana ya tashi ban yi wa ƙeyarsa ba'a ba.

Wata safiya ina alwala na ga wani farin tabo a bayan hannuna na dama, bai fi ƙwayar wake ba. Na wanke, na goge, yana nan. Abu ɗaya ya zo mini a rai: kuturta. Wa zai miƙa wa kuturu kan jaririnsa? Ban gaya wa kowa ba, har matata. Na ce mataccen jini ne ya taru, ai aikina ne fitar da shi. Na shige ɗaki, na yi wa wurin tsaga, na kafa ƙaho. Ciwon ya warke, amma duk inda aska ta bi sai ya fito fari fat, layi-layi. Maimakon in yi hankali, sai na ce ban zurfafa ba. Na sake tsagawa, na zagaye tabon don in tare masa hanya, na tsaga hagu ma don rigakafi. Kafin damina ta wuce hannuwana sun koma kamar zanen ƙwarya. Ko tuwo na kai baki sai in ƙirga yatsuna, ina jiran ranar da na farko zai guntule.

Asiri ya tonu a wani suna. Na zaro aska, hannun riga ya zame, uban jaririn ya gani. Bai zage ni ba. Cewa ya yi, Baba, a bari rana ta ɗan yi sama, ya karɓe ɗansa. Ina zaune a zauren aka shigo da wani wanzami. Da na koma gida matata ta ce ta daɗe da gani, jira take ta ga iyakar wayona, in kuma ban tafi asibiti ba za ta sa a ɗaure ni a amalanke a kai ni.

Da muka je asibitin, lokotoro, wato likita, ya ce in rufe ido, zai taɓa tabon da auduga, in na ji in faɗa. Don tsoro na ɗan buɗe ido ɗaya ina leƙe. Ya kama ni, ya sa matata ta toshe mini idanu da tafinta. Ko'ina ya taɓa na ji. Ya ce ba kuturta ba ce, bitiligo ne, ba a ɗaukarsa ko da cin kwano ɗaya. Wai a cikin jini akwai wasu ƙananan halittu masu gadin jiki, su ke kashe cuta. Nawa sun rikice, sun daina gane ƴan gida, suna far wa masu yi wa fata launi. Kuma duk inda aka ji wa fatar ciwo can suke rugawa, su bar wurin fari. Ya tambaye ni wane mugu ne ya yi mini wannan tsagar. Matata ta ce ga shi nan zaune gabanka.

Maganin shafawa ya tsayar da abin, amma layukan suna nan. Wasu sun dawo mini da askinsu, masu jarirai da yawa ba su dawo ba, kuma ban ga laifinsu ba. Da na bar tabon nan yadda na gan shi, da zobe ma ya kusa rufe shi. Tsoro ne ya riƙe askar, ni na ba shi hannu.

Ƴan uwana wanzamai, in aka kawo muku mai farin tabo, kada ku buɗe zabira, ku nuna masa hanyar asibiti. Wanda bai yarda ba ya zo Gaya, in naɗe masa hannun riga ya gani.