Fumie, Wadda Ta Gasa Faifan Choken

Ƙarfe bakwai na safe Yonamine Fumie take ɗaga ƙofar shagonta a bayan kasuwar garinmu, Koza. Ta ɗora ruwan shayi, ta kunna ƙarfen narka dalma, ta zauna jiran duk wanda rediyonsa ko lasifikarsa ta yi wa gardama. Shekara hamsin ke nan tana haka. Ƙarshen watan nan za ta rufe don ido ya ƙi, ni kuwa ba zan bari ta tafi shiru ba.

Ni ne Masaru, mai buga ganguna a Jar Ƙasa, ƙungiyar kiɗan rok da muka kafa muna samari, lokacin da sojojin Amurka suka cika mashayoyin garin nan. Yanzu 'yan jarida na cewa mu muka koya wa jita yaren tsibirinmu. Gaskiya ne, amma aikin mai jitarmu ne, Tokeshi Choken. Ana tsakiyar waƙar da ke girgiza bango sai ya sako salon sanshin, molon nan namu mai tsirkiya uku, ka ga soja ya ajiye kwalba ya saki baki. Abin da ke ba ni haushi shi ne duk masu yabon nan ba wanda ya taɓa ambaton Fumie. In lasifika ta mutu ana wasa, ita ke rarrafawa tsakanin ƙafafun mashaya ta tashe ta. Ita ce kuma ta ɗauki wasanmu a tef, sau ɗaya tak, ta naɗe a faifai ta ajiye.

Bana Choken ya cika shekara talatin da uku da rasuwa. A al'adarmu taron tunawa na ƙarshe ke nan, daga shi ya shiga sahun kakanni, ba a ƙara tara mutane dominsa shi kaɗai. Mahaifiyarsa, Inna Tsuru, shekararta casa'in da huɗu, kuma ba ta taɓa sauraron kiɗansa ba. A wurinta ɗanta ya yar da sanshin ɗin ubansa ya tafi yi wa sojoji ihu, kuma tana cikin wannan fushin ya mutu. Na ƙudura sai ta ji shi a ranar taron, don ban ga wata rana a gaba ba.

Da Fumie ta fito da faifan sai na ga ɓarna. Laima ta ci shi, tef ɗin ya manne kamar danƙo.

Na ce, "Yaya, sa shi mu ji."

Ta ce, "Kai dai duka ka iya. In na sa shi a haka, inji zai kankare kiɗan gaba ɗaya. Gasa shi zan yi."

"Gasawa kuma? Kifi ne?"

"Da kifi ne da ka fi ganewa."

A akwatin busar da kifi ta sa shi kuwa, don zafi ya fitar da laimar. Yini biyu tana zaune tana duba ma'aunin zafi, don in ya zarce tef ya narke, in ya gaza ya ɓare. Da ya huce ta ɗauki gilashi mai ƙara girma ta liƙe wuri goma sha ɗaya da suka tsinke. Ta ce juyi ɗaya kawai take da tabbacin zai jure. A juyin nan ta kwafe shi, ina tsaye ina kallo.

Ranar taron gida ya cika, an jera abinci da turare gaban allon sunayen kakanni. Inna Tsuru ta ga lasifika ta ɗaure fuska.

"Har cikin gidana za ku biyo ni da hayaniyar nan?"

Fumie ta durƙusa ta ce, "Inna, minti huɗu ne. In ba ki so, ni zan kashe da hannuna."

Gangunana suka fara, tsohuwa ta kau da kai. Da jitar ta shigo sai ta juyo a hankali, yatsunta suka soma motsi a kan gwiwa. Ta ce, "Wannan ai hannun ubansa ne. Haka yake jan tsirkiya. Ashe bai yar ba." Sannan ta dube ni. "Masaru, duk shekarun nan ba wanda ya gaya mini?"

Kunya ta rufe ni. Ta ce a sake sa mata, aka sa har sau uku.

Yaya Fumie, ke ce kika adana abin da mu masu shi muka wofintar. Mun sha tafi kina bayan ɗaki da wayoyi a wuya, ba mu taɓa kiran sunanki ba, yau na kira. Ku masu gyara da masu ajiya, ku riƙe aikinku kamar yadda ta riƙe nata, don ba ku san wanda ke jiransa ba. Na gode miki, Yaya. Saboda ke Choken ya shiga cikin kakanni uwarsa ba ta fushi da shi.