Gayyar da Ba a Amsa Ba

Mu na Allah ne, kuma wurinsa za mu tattara mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Janairu, da hantsi, Allah ya karɓi ran Baffa Munji a asibiti a birnin Safakis da ke tsallaken teku, bayan ya sha fama da ciwon ƙirji. Washegari jirgin fito ya dawo mana da shi tsibirinmu, aka yi masa sutura bayan la'asar a maƙabartar ƙauyenmu, Marsa Sagira. Ina tsaye a bakin ƙofa tare da mata lokacin da aka wuce da makara, ina mamakin inda aka samo maza masu yawa haka a garin nan.

Baffa, ni ce Hasna, 'yar amininka Sagayyar, kuma matar Ayyadi, wadda katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da naka. An ce ni zan rubuta wani abu tun da ni ce na koyar a makaranta. Na so in ƙi. Yabonka ba shi da wuya, amma duk wanda ya tashi yabonka da gaske sai ya tona mana asiri.

Tun ina yarinya ban taɓa jin an yi gayyar kafa sharfiya, wato shingen kamun kifi, a Marsa Sagira babu kai ba. Da kaka ta kama, duk mai gona a cikin teku sai ya tara rassan dabino a bakin ruwa, ya kira maƙwabta su taya shi kafa shingen da zai koro kifi zuwa kwanduna, kuma kai ne na farkon shiga tabo, kai ne na ƙarshen fitowa. Shekarar da mahaifina ya karye a ƙafa, sai da ka kafa tasa sharfiyar kafin ka waiwayi taka, har ka rasa kifin farkon sanyi. Da ya dogara sanda ya zo yi maka godiya, cewa ka yi ya rufa maka baki, ai kifin gonarsa ya fi naka maiƙo, cikinka ka yi wa aiki.

Ranar da naƙudar ɗana Lutfi ta zo da gardama, iska ta hana jirgin fito tashi, ungozoma kuma ta ce abin ya fi ƙarfinta. Ba wanda ya roƙe ka. Ka shimfiɗa bargo a kwale-kwalenka, ka ɗauke mu da rana tsaka ka nufi Safakis, ruwa na dukanmu ta ko'ina. Ayyadi ya rungume gefen kwale-kwalen yana ta amai, ka dube shi ka ce, "Ita ce mai naƙuda, kai ne mai nishi." Na yi dariya a cikin wannan azaba, kuma da yamma aka ciro Lutfi da rai.

A bara ne aka fara raɗe-raɗin cewa wani kamfani zai gina otal a gaɓar arewa, zai sayi filaye da tsada. Wuri ne da gishiri ya cinye, ko akuya ba ta tsayawa a can. Nan da nan mutanen da ba su taɓa taka filin kakanninsu ba suka tuna iyaka, 'yan'uwa suka daina gaisawa, gidan gahawa ya koma kotu. Kai ba ka hana kowa ba, ba ka kuma yi wa kowa wa'azi ba. Abin da kawai kake cewa shi ne in sun tashi sayen teku a turo maka su.

Da kaka ta zo, ka bi gida-gida bayan sallar Juma'a ka sanar da ranar gayyarka, kowa ya ce in sha Allah. Ka yanka ɗan akuya. Ni da matarka, Inna Mabruka, muka tashi da sassafe muka ɗora kuskus na sha'ir a babbar tukunyar da ake arowa don biki. Ashe jirgin safe na ranar ya sauke mutanen kamfanin, da motarsu da igiyar awonsu. Ayyadi ya riga ya sa kayan shiga ruwa. Da labari ya iso, ya koma ɗaki ya fito da rigar Juma'a, ya ce mini yanzu zai dawo. Ta ƙofarka mazan garin suka riƙa wucewa, suna sauri, idonsu na kallon wani gefen. Daga baya na ji Lutfi ne ya yini riƙe da bakin igiyar awon.

Ka zauna a kan tarin rassan dabino har ruwan teku ya gama janyewa, lokacin shiga aiki ya yi. Daga nan ka leƙo tsakar gida ka ce wa Inna Mabruka ta rufe abincin da kyau kada ya huce, wataƙila wani uzuri ne ya tsare su. Ka naɗe wando, ka saɓi dami ɗaya, ka shiga kai kaɗai. Muka zauna ni da ita gaban tukunyar har rana ta karkata. Na rasa inda zan sa fuskata, na bi ta ƙofar baya na koma gida.

A garin nan ba a kiran gayya sau biyu, kuma ba ka kira ba. Aikin yini ɗaya ya zame maka na makonni, har sanyi ya shigo ya same ka cikin ruwa iya ƙirji, da shekarunka fiye da saba'in. Mazan sun ce kunya ce ta hana su zuwa bayan nan, kowa na jiran wani ya fara. Na yi wa Ayyadi magana har muka daina cin abinci tare. Ni dai ban san irin kunyar da take barin tsoho cikin ruwan sanyi ba. Mutanen kamfanin kuwa ba su sake dawowa ba, sun bar mana turaku masu jan fenti a gaɓar arewa.

Gefe ɗaya na shingen ka iya gamawa. Da kwanduna suka yi kamun farko, wanda bisa al'ada rabon 'yan gayya ne, ka ɗora ɗan abin da aka samu a kan jaki ka bi ƙofofin duk waɗanda ka gayyata. Da Ayyadi ya ji tarinka a zaure sai ya shige ɗaki, ni na fito. Ka miƙo mini kashi biyu, ka ce na Ayyadi da na Lutfi.

Na ce, "Baffa, ai ba su zo ba."

Ka ce, "Na ce su zo, sun ce to. Karɓi, 'yata, hannuna ya gaji."

Na soya kifin, na ajiye a gabansu, na faɗa musu inda ya fito. Ban taɓa jin nauyin abinci a gidana kamar na ranar nan ba. Ba a yi wata guda ba aka tsallaka da kai asibiti.

Bayan sadakar bakwai mazan garin suka taru, liman a gaba, Ayyadi a gefensa, suka zo ƙofar Inna Mabruka. Suka ce sun yi shawara za su ƙarasa mata sharfiyar, kuma kowace kaka su za su riƙa kafa ta muddin tana raye, don kada gonar ta mutu, ita ma kada ta bar garin. Ina zaune kusa da ita a bayan labule. Ta saurara har suka gama, ta yi musu godiya da addu'a, ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, "Amma gayya sai da abinci, Liman. Ni kuwa na riga na dafa muku."

Sun daɗe a tsaye kafin su watse. In ta fita takaba za ta bi 'yarku Rafika zuwa Safakis, a rufe gidan. Iska ta fara tuge rassan da ka kafa, kullum da safe sai mu ga wasu sun fito gaɓa.

Allah ya jiƙanka, Baffa Munji, ya haskaka makwancinka, ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara, ya saka maka da Aljanna Firdausi. Inna Mabruka, Rafika da jikoki, Allah ya ba ku haƙuri da juriya, ya tsaya muku inda muka kasa. Ban san da wane baki mutanen Marsa Sagira za su yi muku ta'aziyya ba. Mu kuma Allah ya yafe mana, domin wanda ya kamata mu roƙa gafara ya tafi bai taɓa nuna mana mun yi masa laifi ba.