Dusar da Kaltume Ta Bari a Gero

A Bodinga, idan ana maganar surfe, sunan Kaltume ake fara kira. Gajeriyar mace ce marar yawan magana, amma in ta yayyafa wa gero ruwa ta ɗaga taɓarya, sai ta raba shi da dusarsa tas. Biki ko suna, ita ake aika wa. Mijinta Malam Musa yana koyarwa a wata firamare a Shagari. Yakan zo gida ran Juma'a, ya koma Litinin da ƙullin garin da ta daka masa, matar mai gidan da yake haya ta riƙa tuƙa masa. Mutum ne mai tsafta da girman kai, irin wanda ko tuntuɓe ya yi sai ya ce da gangan ne.

A shekarar 1983 ciwo ya kama shi a ƙasan ciki, ɓangaren hagu. Ya sha jiƙe-jiƙe har ya gaji. Da zazzaɓi ya shigo, Kaltume ta raka shi asibiti a Sakkwato. Aka yi masa hoto, ya shiga wurin likita shi kaɗai, ita tana zaune a baranda. Ya fito da ƙwayoyi a takarda, fuska a murtuke, bai faɗa mata abin da likita ya ce ba.

Wata nas mai suna Saratu, 'yar Dandin Mahe, ita ta ja ta gefe. Ta ce hanjin Malam ne ya yi 'yan aljihuna ƙanana, kuma su ne suke kumbura. Idan abin ya yi ta tashi, sai an yanka. Maganin tsare shi kuwa shan ruwa da yawa, da cin wake da zogale, da hatsin da ba a raba shi da dusa ba. Saratu ba ta gama ba aka ƙwala mata kira daga ciki, ta ruga.

A mota Kaltume ta yi ƙarfin hali ta ce, "Malam, an ce a riƙa bar maka dusa cikin gari."

"Wa yac ce miki?" Ya juyo. "Ni bunsuru na? Kar in ƙara jin wagga magana."

A yi masa adalci, yana da dalili. Shekarar ta zo da tsanani, damina ta yi gardama, albashi sai an ga dama. Ana ta raɗe-raɗin cewa a ƙauyuka yunwa ta sa wasu sun fara tuƙa dusa, abincin awaki. Malamin makaranta da aka gani da tuwon dusa, ai an gama da shi a gari.

Amma kalmar yanka ta zauna wa Kaltume a ƙirji. Ƙanin mahaifinta an yi masa aikin ciki, bai dawo gida da ƙafarsa ba. Sai ta fara yin abin da tun tana yarinya aka dake ta a kansa: ta yi surfe rabi da rabi, ta bakace sama-sama, ta bar dusa ta bi gari. Tuwo ya fito baƙi-baƙi, da kaushi a harshe. Malam ya kai loma ɗaya, ya dube ta, ya ce, "Kaltume, hannunki ya mutu." Ta sunkuyar da kai.

Maganar ba ta tsaya a gida ba. Matar mai gidan haya ta baza a Shagari cewa matar Malam ta zama raguwa, daga can ta hau mota ta iso Bodinga. Aka yi suna biyu a unguwa, babu wanda ya aiko wa Kaltume da gero. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ba ta kuma iya faɗa wa kowa dalili, domin faɗinsa tona asirin Malam ne. Abin da ya riƙe ta shi ne ganin ya daina dafe ciki in zai sunkuya alwala. Wata bakwai aka yi lafiya lau.

Lokacin hutu, yana gida, ciwon ya dawo da zazzaɓi. Kaltume ta rikice. A nata lissafin, tunda dusa ce magani, to ta yi kaɗan ne. Ta ƙara ta a tuwo, ta zuba a kunu, ta dafa wake da ɓawonsa, ta tsaya a kansa sai ya ci. Kwana uku tana ɗura masa, cikin yana ƙara ɗaurewa. A rana ta huɗu Malam ya kasa miƙewa tsaye.

Wannan karon ba ta zauna a baranda ba. Likita ya danna cikin, Malam ya yi ƙara. Likitan ya tambayi me ya ci tun da ciwon ya tashi. Kaltume ce ta amsa, ta faɗi komai, tun daga surfen farko har kunun jiya.

Likita ya ajiye alƙalami. Ya ce, "Hajiya, wata bakwai ɗin nan ke kika riƙe shi. Amma in ciwon ya tashi, ba a ba shi dusa. Sai koko tacacce da ruwa da ƙwaya, har hanjin ya huta, sannan a koma a hankali. Malam, ba na yi maka wannan bayanin ba?" Malam ya kawar da kai wajen bango. Likita ya ce za a kwantar da shi a yi masa allurai, idan zazzaɓin bai sauka cikin kwana uku ba, sai aiki.

Kwana ukun nan Kaltume ba ta san ɗanɗanon abinci ba. Duk nas ɗin da ta turo keken marasa lafiya, sai ta miƙe zumbur, ta zaci shi aka zo ɗauka. Ita dai a ranta ta gama yanke wa kanta hukunci: in aka yanka shi, ita ta jawo.

Da hantsin rana ta uku jikinsa ya yi sanyi, likita ya ce an tsallake. Kaltume ta zauna bakin gado tana ba shi koko da ludayi. Ta ce, "Malam, ka yahe mini, na ɓoye maka."

Ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ba ki ɓoye komi ba. Shekara ashirin ina cin tuwonki, tun lomar hwarko nis sani."

Ludayin ya tsaya a hannunta. "Ka sani? Da mata sunka riƙa yi mini dariya, ka sani? Da nika ɗura maka ita kana ciwo, ka san ba a yi?"

"In na hana ki, na amsa ina ci ke nan."

Kaltume ta dube shi, ta dubi cikin da saura kaɗan a tsaga shi. Ta ajiye masa ƙwaryar kokon a kan cinya, ta sa masa ludayin a hannu.

"Sha da kanka, Malam," ta ce. "Hannuna ya gaji."