Ranar da Maɓallan Anti Gam Suka Zube

Anti Gam ba ta iya wuce maɓalli a ƙasa. Ko a tsakiyar titi ta hango shi sai ta sunkuya, masu mota su yi ta danna ham, ita ko a jikinta. Jakarta cike take da marafan kwalba da ƙyallayen da take roƙa a shagon yayanta tela, wanda da ya hango ta yake tura kwandon shara ƙarƙashin keken ɗinki. Ajin 'yan ƙanana take koyarwa, waɗanda ko fensir ba su iya riƙewa ba. Su suka raɗa mata sunan, don kullum yatsunta a manne suke.

Aikinta shi ne ta zana sunan yaro da gam a kan kwali, shi kuma ya bi layin yana liƙa abin da ransa ke so. A tashi da gam har a gira.

Shugabar makaranta fa ta gaji. "Anti, wannan aji ne ko bola? Ba sunansu suka gane ba, maɓallansu suka gane. Ranar Litinin zan gwada su. In suka kasa, ki kwashe tarkacenki, a koma allo da alli."

Maganar ta soki Anti, don ta sha jin ƙaramar cikinsu, Autar Aji, tana cewa, "Nawa ne mai jajayen maɓallai."

Litinin da safe ta buɗe aji, sai ta dafe kai. Ashe gam ɗin da ta sirka da ruwa don ya ishi kowa ya saki. Maɓallai da marafai duk sun zube ƙasa. Kwalayen na rataye a igiya tsirara, babu komai sai busasshen sawun gam. Ga kuma Shugaba tsaye a bayanta.

"Kowa ya ɗauko sunansa," in ji Shugaba.

Yara suka yi cirko-cirko. Sai Autar Aji ta miƙa ɗan yatsa, ta bi sawun gam a kwalin farko, ta girgiza kai, ta matsa gaba. A wani kwalin yatsan ya zagaya, ya sauko, ya bi hanyar da ya saba.

"Anti, ga ni nan!"

Shi ke nan aji ya kaure. Kowa na shafa kwali, kowa na ihun ya ga kansa, har da mai rungume nasa kada a ƙwace.

Anti ta daka tsalle, ta dira a kan maɓallai, santsi ya kwashe ta, ta zauna daɓas tana dariya, hawaye na zuba.

Shugaba ta yi ta maƙale tata dariyar. "Gobe ki kawo gam na kirki. Kuma kar ki ƙara masa ruwa."

Sannan ta sunkuya ta tsinci jan maɓalli, ta hure masa ƙura, ta jefa a jakar Anti.