Mai Ajiya da Tsohon Laburaren Zane

Akwai gaisuwar da aka ɗora mini shekaru da dama, ban isar da ita ba, alhali teburin mai ita yana kallon nawa. Yanzu da zai yi ritaya, an ce ni zan rubuta jinjinarsa, tunda na fi kowa daɗewa kusa da shi. Na karɓa, ina sane da abin da ya ɗaure mini harshe tun farko. Kishi ne.

Aikinmu ɗaure manhaja. Wasu ke rubuta ta, mu kuma mu shirya ta cikin ƙunshi yadda mai kwamfuta zai saka ta ba tare da wahala ba. Kowace safiya, mutumin nan, da muke kira Mai Ajiya, yakan goge tabarau da gefen riga, ya kunna tsohuwar na'urar da ke ƙarƙashin teburinsa, wadda fankarta ke kuka kamar injin niƙa. Sai ya gwada laburaren zane, wato kayan aikin da manhajoji ke ara don zana taga da maɓalli da rubutu a fuskar kwamfuta. Samfuri biyu yake riƙe da su, tsoho da sabo, kuma tsohon yake fara dubawa. Kowanne ya ware masa wurinsa, ya liƙa masa lambarsa, don kada ɗaya ya taka ɗan'uwansa.

A nan muka saɓa. Ni ina kan cewa samfuri ɗaya ya isa. Masu laburaren da kansu sun yi watsi da tsohon. Duk ɓarakar da ta ɓullo sai mu toshe ta sau biyu. Kuma muddin tsohon yana nan, marubuta manhaja ba za su motsa ba. Har yau ban ga giɓi a hujjata ba. Shi kuwa ba ya musu. Yakan bari in gama, sannan ya tambaya ko na duba wanda ke jingine da katangar kafin in rushe ta.

Ashe mai jinginar tana cikin gidana. Matata tela ce, kuma da wata tsohuwar manhaja take fitar da yankan riguna. Wanda ya rubuta ta ya rasu, babu mai sabunta ta. Shekarar da na yi rinjaye aka cire tsohon samfurin, ta kunna kwamfuta ta ga taga fara fat, ga yadin mutane jibge a kan keken ɗinki. Na ce ta koyi sabuwar manhaja. Ta ce idonta ya yi rauni, hannunta ne ya haddace inda kowane maɓalli yake. Da ta ga ba ni da niyya, ta kira ofis, Mai Ajiya ya ɗauka. Ya koma gaban shugabanmu, ya ɗauki nauyin toshe kowace ɓaraka shi kaɗai, aka mayar da tsohon.

Tun daga ranar, ba na fita sai ta ce, "Baban yara, ka gaishe mini da Mai Ajiya." Ni da na aure ta, wani ake sa wa albarka a kan tabarmar sallarta. Mai buga katin gayyata na bakin titi ma haka, malamar da ke koya wa kurame karatu da hotuna ma haka, domin su ma manhajojinsu da tsohon samfurin suke aiki. Ni na share hanya don jama'a su ci gaba, amma sunansa suka riƙe.

Mai Ajiya, kai ne inuwar da ba a san darajarta sai an sare bishiyar. Kai ne ka gane cewa tsufan kaya ba ya nufin mai amfani da shi ya gama rayuwa. Na gode, duk da cewa godiyar tana mini ɗaci. Ku kuma matasan ofis, ku sabunta abin da za ku sabunta, amma ku koyi tambayarsa kafin ku rushe.

Shugabanmu ya riga ya faɗa: idan babu mai karɓar tsohon samfurin, zai tafi tare da mai shi. Na san tagar wa za ta sake yin fari.

Jiya na zagaya teburina, na tsaya a kansa yana kwashe kayansa cikin kwali. Na ce, "Maiɗakina tana gaishe ka. Gaisuwar ta daɗe a hannuna."

Ya cire tabarau, ya yi dariya. "Ina amsawa, ɗan'uwa. Duk sanda ta kira takan tambaya ko kana isarwa, ni kuma in ce ba ka taɓa fashi ba."

Na jawo kujera kusa da tsohuwar na'urar, na ce ya nuna mini yadda yake raba wa samfuran biyu wuri.